Ciwon da ake zama da shi



Ciwo iri biyu ne, ko da yake ɗaya kawai Bahaushe ya tanadar wa kalmomi. Akwai wanda yake zuwa kamar baƙo: zazzaɓin cizon sauro, taifot, gudawa. Ya kayar da mutum, a kai shi asibiti ko a kira mai kemis, a sha magani kwana uku ko mako guda, a miƙe. Wannan muna da gaisuwarsa, muna da addu'arsa, muna da barkarsa idan an tashi. Akwai kuma wanda idan ya shigo gida ya ajiye kayansa ke nan, wato ciwon suga da hawan jini. Wannan ba a warkewa daga gare shi yadda muka saba. Ana dai riƙe shi ne kamar saniya mai faɗa, ranar da aka saki igiya ranar za a ji ta. Shi ya sa mutum zai sha ƙwaya wata biyu, ya ji jiki ya yi daidai, ya ce ai na warke, ya ajiye. Bayan wata shida sai a ji sanarwa bayan sallar Asuba cewa wane ya faɗi a banɗaki, ɓarin jiki ya shanye.

Mu da Allah ya sa muke tsayawa gaban sahu a masallacin layi duk lokacin da liman ya yi tafiya, kuma muke wuni a rumfa a Bodija, muna ganin abin ta taga biyu. A masallaci muna ganin ƙarshensa: takardun neman taimako da ake miƙo mana mu karanta bayan La'asar, ta wankin ƙoda, ta yanke ƙafa, ta kuɗin motar da za ta mai da mara lafiya gida Arewa. A kasuwa kuwa muna ganin farkonsa, a kofin shayi da kwanon abinci. Mu kanmu muna cikin masu haɗiyar ƙwayar hawan jini kowace safiya, shekara bakwai ke nan, don haka ba labari aka ba mu ba.

Abin da ya daɗe yana ɗaure mana kai shi ne wannan. Mutum biyu, unguwa ɗaya, ciwo ɗaya, ƙarfin aljihu kusan ɗaya. Ɗaya shekara goma yana riƙe da ciwonsa yana harkokinsa, ɗaya kuma cikin shekara uku ya kwanta. Mutane kan ce rashin sani ne. Anya kuwa? Yau a Sabo ko yaron mai suya ya san mai ciwon suga ba ya shan lemon kwalba. Wasu su ce rashin tsoro ne. Wannan ma ba mu gamsu ba, domin babu wanda bai taɓa zuwa dubiya ya ga ƙafar da aka guntule ba. An ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, to amma tsoron nan mun auna shi, mako ɗaya yake yi. Ranar da aka dawo daga dubiya kowa shayi ba suga, rana ta takwas cokali uku ya dawo.

Da muka riƙa zama da mutane muna sauraronsu, sai muka lura da wata magana da ke fitowa daga bakin waɗanda suka saki igiya, kusan dukansu: "Malam, ni fa ba zan iya ba." Ba su ce ba su sani ba, ba su ce likita ƙarya yake yi ba. Wani dillalin shanu da ke fita kara a Akinyele tun duku-duku ya zayyana mana abin da aka ce masa ranar da aka gano sugansa: ya rage tuwo, ya rage shinkafa, ya bar fura, ya bar lemo, ya rage ƙiba, ya riƙa motsa jiki, ya riƙa gwaji, ya dawo bayan wata. Duka a zama ɗaya, rabi da Turanci rabi da Yarbanci. Ya ce, "Malam, da na fito sai na ji kamar an ce in ɗauki bijimi a ka. Na ce to, abin da Allah ya yi shi ke nan." Bai koma ba har idonsa ya fara gani dishi-dishi.

Wata 'yarmu da ke karatun aikin jinya ce ta gaya mana ashe wannan magana ana karanta ta a makaranta. Wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Albert Bandura, haifaffen Kanada da ya koyar a Jami'ar Stanford ta Amurka, ya yi rubutu a kanta a 1977. Abin da ya nuna shi ne, sanin cewa abu yana da amfani daban, yarda da cewa ni ɗin nan zan iya yinsa daban. Mutum na iya tabbata maganin yana aiki, amma idan a ransa ya yanke cewa shi ba mai jurewa ba ne, ba zai fara ba, in ma ya fara, cikas na farko zai tsayar da shi. Kuma wannan yarda ba da ita ake haihuwar mutum ba. Ginuwa take yi, tubalinta mafi ƙarfi kuwa shi ne mutum ya gwada ƙaramin abu ya ga ya iya. Bayan wannan sai ganin wani irinka ya yi, sai ƙarfafawar wanda kake jin maganarsa, sai kuma yadda mutum yake fassara abin da jikinsa ke gaya masa.

Da ta gama sai muka yi dariya, domin wannan ai tarbiyyar kasuwa ce, irin wadda Sabo take tafiya a kanta tun kafuwarta a 1916. Wane maigida ne yake ɗauko yaro daga ƙauye ya danƙa masa motar goro guda ranar farko? Babu. Faranti ake ba shi da ƙwarya ɗaya, ya zaga ya dawo da lissafi. In ya cika, a ƙara masa. In ya yi 'yar asara, a zauna a duba inda ta shigo, ba a korarsa. Yana kallon yayyensa a rumfa, waɗanda su ma da faranti suka fara, yana cewa a ransa in dai wane ya iya ni ma zan iya. Bayan shekara biyar shi ake aikawa Shagamu ko Ondo ya sayo huhuna da kuɗin da ko a mafarki bai taɓa riƙewa ba. A kan dukiya an iya wannan sarai. A kan jinya ne ake ɗora wa mutum motar gaba ɗaya, in ta danne shi a ce ba ya jin magana.

A can Stanford ɗin ma da suka zo mai da maganar aiki, hanyar faranti suka bi. Wata malama, Kate Lorig, da abokan aikinta suka tsara zama na mako shida ga masu ciwon da ba ya warkewa, kuma masu jagorantar zaman galibi ba likitoci ba ne, masu ciwo ne irinsu. Kowane mako mutum zai ɗauki ƙaramin alkawari guda da bakinsa, sannan a tambaye shi: daga sifili zuwa 10, nawa ka yarda za ka cika? In ya ce ƙasa da 7, sai a ce rage alkawarin har ya dawo inda za ka iya. Wannan dabara ta burge mu, muka gwada ta da dillalin nan. Muka ce, "Alhaji, me za ka iya bari a makon nan, abu ɗaya tak?" Ya yi shiru, can ya ce lemon da yake sha da azahar a kara. Furar kuwa ya ce a bar masa ita tukuna. Babbar kwalbar lemo tana ɗauke da suga kusan cokalin shayi goma, shi kuwa biyu yake sha saboda rana. Ya yi mako biyu yana shan ruwa. Da aka gwada, lambar ta sauko, ba sosai ba, amma ta sauko, kuma da idonsa ya gani. Shi da kansa ya dawo ya ce a ƙara masa wani. Yanzu furar ma ba suga yake sha, rabin abin da ya saba, ya kuma koma wurin likitansa da ƙafarsa.

Maganar lamba ba ƙarama ba ce, saboda ciwukan nan ba su da ƙararrawa. Mutum na iya yawo da hawan jini shekaru bai ji ko ciwon kai ba, yana cin ƙoda da jijiyoyin ƙwaƙwalwa a ɓoye. Wanda ya ce jikina zai gaya mini, kamar ɗan kasuwa ne da ba ya rubuta bashi, yana cewa in na karye zan sani. Lambobin kuwa ba su fi ƙarfin mutanen da suke lissafin dala da sefa a ka ba. Awon jini idan yana kai 140 a sama ko 90 a ƙasa, kuma ya maimaita haka a ranaku daban-daban, hawan jini ne. Suga da safe kafin a ci komai, ƙasa da 100 lafiya. 126 ko fiye, in an sake gwadawa ya tabbata, ciwon suga ne. Wasu na'urori da wani ma'auni suke ƙirga, a wurinsu 126 ɗin nan 7 ce, don haka a tambaya. In ya faɗi ƙasa da 70, musamman ga mai allurar insulin ko wasu ƙwayoyin, haɗari ne na nan take: rawar jiki, gumi, jiri. A nan sugan da aka hana shi ne magani, ƙwaya uku ko huɗu a baki, sannan a ci abinci. Akwai kuma gwajin HbA1c, wanda yake nuna yadda sugan ya kasance a wata biyu zuwa uku da suka wuce. Shi ba a yi masa wayo da ƙin cin abincin daren jiya. Mu dai littafi muka ware, irin na bashin rumfa, kwanan wata a hagu, lamba a dama. Mai littafi idan ya zauna gaban likita, shawara ake yi da shi.

Sai kuma abin da jiki ke faɗa a fassara shi ba daidai ba. Metformin kan ɓata ciki a makonnin farko, shi ya sa ake cewa a sha shi da abinci. Amlodipine kan kumbura ƙafa. Lisinopril kan sa busasshen tari. Wanda ba a gaya masa ba, da ya ga haka sai ya ce maganin bai karɓe ni ba, ya watsar, alhali komawa kawai zai yi a rage ko a canza masa wani. Akwai kuma wata matsala da maza ba sa faɗa a majalisa, sai an keɓe bayan Isha'i: raunin da ke shafar hakkin iyali. Wasu magungunan hawan jini na iya taɓa wannan, gaskiya ne, amma shi ciwon sugan da ba a riƙe ba ɓarnarsa a nan ta fi, domin jijiyoyi yake ci. Mutum ya ajiye ƙwayar likita saboda haka ya koma wa mai lasifika a bakin tasha, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago. Likita ya ji irin wannan ƙorafi ba adadi, ba abin kunya ba ne a gabansa.

To, duk wannan rabin magana ce. "Zan iya" ba a ƙirjin mutum kaɗai take zaune ba, balle a wuri irin Sabo, inda da wuya mutum ya ci abinci shi ɗaya.

A fara da tukunya. Maigida ake yi wa bayani a asibiti, amma ba shi yake riƙe da ludayi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, kusan ƙaramin cokali guda, har da na cikin magi da yajin suya da burodi. Maigida ya dawo ya ce a rage gishiri. A gidan mata biyu ko uku, wace ce za ta yarda ranar girkinta miya ta yi lami, a ce ɗakin wance ya fi iya girki? Ba mugunta ba ce, umarni aka ba ta ba a gaya mata dalili ba. Gidajen da muka ga abin ya yi kyau su ne waɗanda aka tafi asibiti da uwargida ta ji da kunnenta, sannan aka rage gishirin ga gida gaba ɗaya a hankali yadda harshe zai saba, maimakon a ware wa maigida tukunyar marasa lafiya, yana ci yana hararar kwanon yara. Wata Hajiya ta ce mana, "Malam, ai da na san gishirin nan yana cikin abin da ke neman kayar da shi, da tuni na janye hannu." Ita ce yanzu take ajiye masa ƙwayar kusa da butar alwalar Asuba.

Maza da yawa a unguwar nan kuma iyalinsu suna Arewa. Cikinsu yana hannun mai shayi da mai abinci: safe burodi da shayi mai madarar gwangwani, rana shinkafa da taliya kwano guda, dare Indomie da ƙwai. Ka ce wa wannan ya riƙa cin ganye, a ina? Sai dai zama cikin Yarbawa ya ba mu wani abu. Ewedu, efo, gbegiri, dafaffen wake da alale suna nan a kowane lungu, abin da ake so kawai a rage malmala a ƙara miya. Shi ma mai shayi, in ya shiga cikin maganar, ya fi nas tsaro, don shi yake ganin mutum kullum. Mun san teburin da mai shayin ba ya zuba wa wani dattijo suga ko ya roƙa, sai ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, ɗanka ya bar mini amana."

Sai kara. Biki, suna, walimar sauka, tarbar alhazai, a dire wa mutum lemo mai sanyi. In ya ce a'a, a ce ko ka raina ne? Dattijon da zai yi gardamar awa guda a shingen hanyar Ogbomosho bai sare ba, shi ne ba zai iya ce wa surukinsa ba na sha ba. Nan ne "ba zan iya ba" ta fi ƙarfi, nan ne kuma maganinta ya fi araha: a ajiye ruwa a kan tabarma tare da lemon, kada a tambayi wanda ya ɗauki ruwa dalili. Idan kuma wani mai faɗa a ji ya ce a bainar jama'a, ni ina da suga, a ba ni ruwa, to ya buɗe wa mutum goma ƙofa.

Me ya sa ake ɓoyewa? Ba kunya ce kawai ba. Kasuwancinmu na amana ne da bashi. Dillali yana tsoron in aka ji yana da ciwo, mai shanu daga Arewa zai ce wannan ba zai yi nisa ba, ya kai dabbobinsa wani gida. Uwa tana tsoron a ce gidansu ana gadon suga, 'yarta ta rasa miji. Sai a sha magani a ɓoye, abin da ake yi a ɓoye kuwa shi ake fara mantawa. Babbar asarar ma ba nan take ba. A sahun farko na kowane masallaci akwai mutanen da suka shekara goma sha biyar da ciwon nan suna kasuwancinsu, sun aurar da 'ya'ya, sun je Makka sun dawo. Wanda aka gano wa ciwo jiya bai san su ba. Waɗanda ya sani su ne waɗanda aka karanta takardarsu bayan La'asar, don haka a wurinsa ciwon suga yana nufin guntulalliyar ƙafa. Ta yaya zai ce in dai wane ya iya ni ma zan iya, alhali wanen ya yi shiru?

Kuɗi kuwa ba sai an faɗa ba. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, naira kuma ta faɗi, magani ya yi tashin gwauron zabi, domin yawancinsa ko kayan haɗa shi daga waje ake shigo da su. Na'urar gwajin suga sau ɗaya ake saye, amma tsinkayen da ake ɗiga jini a kai kullum ne. Mun ga masu raba ƙwaya biyu, mun ga masu sha yau su tsallake gobe. Wannan ba raunin zuciya ba ne, wanda ya yi wa irin wannan mutum wa'azin ƙoƙari bai yi masa adalci ba. Ya dai gaya wa likita ƙarfin aljihunsa ƙarara, domin magani ɗaya kamfanoni da yawa ke yinsa, farashi daban-daban, in dai yana da lambar NAFDAC. Jihar Oyo tana da hukumar inshorar lafiya, OYSHIA, wadda 'yan kasuwa ma suna iya shiga. Da shugabannin unguwa za su gayyato su su yi bayani a fassara da Hausa, a ji abin da take ɗauka da abin da ba ta ɗauka, da an rage wasu takardun.

Asibitin koyarwa na UCH, da aka buɗe a 1957, daga shataletalen Mokola tafiyar 'yan mintuna ce, wasu daga jihohi masu nisa suke zuwa neman abin da yake ƙofar gidanmu. Amma a asibitocin garin nan da Yarbanci ko Turanci ake magana, garinsu ne kuwa. Dattijo ko matar da aka auro daga Arewa za su yi ta gyaɗa kai don ladabi, su fito ba su san ko kafin abinci aka ce ko bayan abinci ba. 'Ya'yanmu haifaffun nan harshe uku suke ji. Rakiyar mara lafiya ranar ganin likita aikinsu ce, kuma lada ce.

Ɓangaren malamai ma yana da nasa nauyi, domin kalmar ajali ana sa ta inda ba wurinta ba. Gaskiya ne babu mai wuce kwanansa, amma ba mu taɓa ganin ɗan kasuwar da ya bar rumfa a buɗe da dare ya ce arziki na Allah ne ba. Hadisin mai raƙumin nan da aka umarta ya ɗaure sannan ya dogara ga Allah, yaran Islamiyya ma sun san shi. Kuma tsakanin lafiya da mutuwa akwai wani dogon zango da ba a cika ambata ba: shekaru a kan tabarma, ana juya mutum, mata da 'ya'ya sun bar neman abinci suna jinya. Zuma da dabino masu albarka ne, amma mai suga in ya sha zuma cokali-cokali lambarsa hawa za ta yi. Addu'a kuwa ba ta taɓa cewa a ajiye ƙwaya ba.

Azumi shi ne babban gwaji. Suratul Baƙara ta yi wa mara lafiya rangwame a fili, duk da haka kusan kowace shekara sai an ɗauki wani a kasuwa da la'asar sugansa ya faɗi, saboda yana jin nauyin a ga yana ci. Mai suga ya ga likita tun cikin Sha'aban a daidaita masa magani. Wani za a ce ya yi, wani a ce kada ya yi, shi kuma ya zo a duba masa hukuncin ramuwa ko ciyarwa. Huda yatsa don gwaji ba ya karya azumi. Likitoci sun ce in lamba ta faɗi ƙasa da 70 ko ta haura 300, a karya nan take. Wannan magana daga bakin liman ta fi shiga, domin mutumin ba lafiyarsa yake tunani ba a lokacin, zunubi yake tsoro.

Akwai kuma farantin da yake hannunmu tun muna yara, wato alwala. Ciwon suga yana kashe jin ƙafa, ƙusa ta soki mutum bai sani ba sai ta zama gyambo. Mu kuwa sau biyar muke wanke ƙafa a yini. A ƙara da dubawa: tafin ƙafa, dunduniya, tsakanin yatsu, sannan a tsane da tsumma. Kada a taka simintin harabar masallaci da tsakar rana ba takalmi, a kuma yi hattara da rezar masu yankan farce na yawo. Ciwon da ya kwana biyu bai kama hanyar warkewa ba, asibiti za a kai shi.

A masallacin layinmu an haɗa kuɗi an sayi na'urar awon jini mai batir, kuɗinta bai kai na zaman wankin ƙoda ɗaya ba, shi kuwa sau biyu ko uku ake yinsa a mako. Ranar Juma'a bayan La'asar wani ɗanmu ma'aikacin lafiya yana zama a baranda. Mutum ya huta minti biyar, a auna, a rubuta masa a littafinsa. Ba a ba da magani a nan. Wanda lambarsa ta yi sama a haɗa shi da ɗan rakiya. Da farko 'yan kallo sun fi masu miƙa hannu yawa, sai ranar da wani babba a cikinmu ya naɗe hannun riga a gaban kowa ya ce shi shekara goma sha biyu yana shan ƙwaya. Yanzu dattawa suna gwada littattafai kamar masu gwada cinikin yini, wasu kuma sun ɗauki alkawarin takawa zuwa Adamasingba su dawo bayan Asuba, rabin awa, kwana biyar a mako, wanda ya yi daidai da minti 150 ɗin da masana lafiya suke so. In ɗaya bai fito ba sai a ƙwanƙwasa masa ƙofa.

Mata ne ba su samu shiga ba har yanzu. Ba sa zuwa baranda, mai kulle kuma ba ta da Adamasingba, ga shi kuwa ciwon bai bar su ba. Malamar Islamiyyar matan aure ta yarda ta ba da rabin awa ranar Asabar bayan darasi. Ana neman na'ura ta biyu, mai faɗin maɗauri da zai zagaye babban damtse, da wata 'yarmu da ta iya awo kuma take riƙe sirri. Wanda yake da hali ko yake da irin wannan 'ya, ya same mu a masallaci bayan Magariba.